Yadda ake nema wa mai fama da firgici magani a Zariya ba tare da an fama masa ciwo ba

Ƙanina ya yi kusan mako uku a hannun masu garkuwa da mutane. Da ya dawo gida aka yi ta tururuwar zuwa barka da arziki. Jikinsa lafiya lau, sai shatin igiya a wuyan hannu. Amma wata biyu bayan nan, babur na yin ƙara a bakin layi sai ya zabura, zufa ta karyo masa, da dare kuma yana zaune a bakin ƙofa har kiran assalatu. Daga kansa na fara, kuma na raka wasu bayansa, na ga inda ake yin tuntuɓe.

Da farko a lissafa kwanaki. Razana, mugun mafarki da faɗuwar gaba a makonnin farko ba abin mamaki ba ne, da yawa kan warware da kansu a cikin dangi. Idan abin ya haura wata guda, ya hana barci ko kasuwa ko makaranta, to lokacin neman ƙwararre ya yi. Likitoci na kiran wannan hali PTSD. Wanda ya fara zancen gara ya mutu kuwa, ba a jira da shi ko kwana ɗaya.

A fara da asibiti, ba kemis ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A yanki kati, a ga likita, a roƙi ya tura ku can. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Na san sunan kaɗai yana sa mutane ja da baya, wai kada a ce ɗansu ya taɓu. Ni dai na ga malaman makaranta da 'yan kasuwa a kan layin, kowa da hankalinsa. Amfanin asibiti shi ne bugun zuciya na iya zuwa daga ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo, sai an duba. Mai kemis kuwa ƙwayar barci irin su diyazefam zai miƙo, jiki ya saba da ita, alhali tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da irinta don firgici a watan farko.

Yanzu ga wurin da muka faɗi. Likitan ƙwaƙwalwa yana auna ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam shi ne mai zama da mutum mako-mako, kuma wajen zaɓensa ake asara. Mu wani aka nuna mana, mai ofis da kujeru masu laushi. Zaman farko ya ce wa yaron nan ya faɗi komai daga lokacin da aka tare motar, wai sai an amayar ake samun sauƙi. Ya faɗa. Muka fito hannunsa na rawa, ya yi kwana uku bai runtsa ba, kuma sai da muka yi wata huɗu muna lallashi kafin ya yarda ya sake ganin wani.

Don haka ƙa'idata ke nan: wanda ya nemi a zazzage masa labari ranar farko, kada a koma. Mai sanin aiki zai fara da tambayar barci, cin abinci da wanda ake zaune tare da shi, ya koya wa mutum yadda zai kwantar da jikinsa, sannan a tunkari labarin kaɗan-kaɗan, mara lafiya na da ikon cewa a tsaya. Kai ma ɗan rakiya ka yi tambaya, ba rashin kunya ba ne. Ka ce, "Likita, ka taɓa kula da wanda aka sace ko ya yi hatsari? Wace hanya kake bi? Zama nawa za a yi?" Hanyoyi biyu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su: CBT da aka tsara don firgici, wato magani ta hanyar tattaunawa don gyara tunani da ɗabi'a, da EMDR, wadda Francine Shapiro ta faro a Amurka a 1987, inda mutum ke bin yatsan mai magani da ido hagu da dama yana tuno abin a taƙaice. Yawanci zama 8 zuwa 12 ne. Wanda ya ce ya iya EMDR, a tambaye shi inda ya koya. Wanda ya yi alkawarin warkewa a zama biyu, kuɗinka yake so.

A nemi mai jin Hausa, domin tsoro ba ya fita da kyau ta bakin tafinta. Mace in ta fi son mace, a nema mata. Ɗan rakiya kuma ya jira a waje, ko da uwa ce. Batun kuɗi: ku ware na mota na wata uku tun farko, don na ga waɗanda suka biya kuɗin kati da na gwaji, sai kuɗin zuwa Shika duk mako ya kayar da su.

Sai aikin jiki, wanda ba ya cin ko sisi. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga 4, a sake shi a hankali ana ƙirga 6, minti biyar bayan asuba da kafin kwanciya. Fitar da numfashi a hankali ne ke rage gudun zuciya. Kuskuren kowa shi ne jira sai firgicin ya taso, alhali a lokacin natsuwa ake koyonsa. Kada a tilasta rufe ido, wanda aka taɓa ɗaure wa fuska ba zai jure ba. In abin ya taso, ya taka ƙasa da tafin ƙafa sosai, ya ambaci abu biyar da yake gani: buta, tabarma, ƙofa, haka dai. Tafiyar ƙafa da yamma ma tana taimaka wa barci. In wuya da kafaɗa sun sandare, a nemi sashen gashi a asibiti. Tausa kuwa sai da izini, a faɗi inda za a taɓa kafin a taɓa, kada a zo ta baya. Ƙanina har yau ba a riƙe masa wuyan hannu.

Darussan gyaran jiki da ake tallatawa a intanet da dala, ni ban ga dalilin sayensu ba. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, amma duk inda ake duka, ɗauri ko turnuƙe mutum da hayaƙi, a ɗauke shi daga wurin, haka ma malamin da ya ce a bar maganin likita.

Bayan zama huɗu ko biyar a duba: barci ya ƙaru? Yana fita shago? In babu canji a gaya wa mai maganin, in ya ƙi saurare a sauya wani. Ƙwayar da likita ya rubuta takan ɗauki makonni kafin a ji aikinta, kuma ba a yanke ta rana ɗaya sai an koma wajensa.