Babi na 7: Ƙasar da Muke Takawa Tana Tafiya

Darasi na 1: Sakaina

Iyayena da ƴan uwana, kowa ya zo da fasasshiyar ƙwarya. Ku jera sakainun a kan tabarma, baki da baki, har su koma kamar ƙwarya guda. Haka ɓawon duniya yake. A fashe yake, manyan ɓangarori ne da masana ke kira faranti, suna zaune a kan dutse mai zafi da ke motsi a hankali. Damagaram, da Birni da duwatsunta duka, tana tsakiyar farantin Afirka.

Yanzu ku dubi taswira. Ga Afirka, ga Amurka ta Kudu, tekun Atalantika a tsakani. Ku sa yatsa a kan Barazil, ku jawo ta da ido zuwa gaɓar Najeriya da Kamaru. Ta shiga ko ba ta shiga ba? Wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce a 1912 dā a haɗe suke, aka ƙi yarda da shi har ya rasu. Ga shaida daga gida: ƙasusuwan wani ƙaton kada da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas, an samu na ɗan uwansa a Barazil.

Darasi na 2: Awo

Tekun Atalantika na ƙara faɗi kamar santimita 2 zuwa 5 a shekara. A shekara, ba a rana ba. Kusan tsirowar farcenku ke nan.

Ku ɗauki rula. A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka kada ku ji kunya. Ku nemi 0. Yana can farkon rula, hannun hagu. Daga 0 ake fara awo, ba daga 1 ba. Ku ɗora bakin fensir a kan 0, ku ja layi zuwa 2, ku tsaya. Ku ɗaga fensir. Ku sake neman 0. Yatsa a kai tukuna, sannan fensir. Wanda ya fara daga 1 ya tsaya a 2, santimita ɗaya kawai ya ja, ya cinye rabin tafiyar teku. Ba komai, a goge a sake. Sannu sannu hannu zai saba.

Amma fa makon jiya sau huɗu na nuna wannan, kuma na karɓi littattafai na ga rabinku daga 1 kuka fara. Haba jama'a! Mai auna gero a kasuwar Dole ba ya fara ƙirga tiya kafin ya zuba. Sifili ne tiyar da babu komai ciki. Ku ja layin sau goma a gida, kowanne daga 0.

Darasi na 3: Bakin faranti

Ku riƙe sakaina biyu. Ku raba su: haka aka samu Bahar Maliya da alhazai ke ƙetarewa, ƙasar Larabawa na janyewa daga Afirka. Ku tura su su yi karo: haka Indiya ta tunkuɗi Asiya, duwatsun Himalaya suka tashi. Ku goga su gefe da gefe: irin wannan ne ya kawo girgizar ƙasar Turkiyya a 2023. Mu muna nesa da baki, shi ya sa ba mu saba jin girgiza ba.

Darasi na 4

Ku kwafi waɗannan sau uku: faranti, baki, teku, girgiza. A zo da rula ranar Laraba.