Darasi na Tara: Yadda Ake Gane Gara ta Shiga Gida da Kiran Mai Dubawa

Gara takan fara cin katako ne daga ciki, ta cinye tsakiyarsa ta bar ɓawonsa da fentinsa kamar babu abin da ya faru. Shi ya sa magidanci kan yi shekara yana buɗe ƙofar ɗakinsa yana rufewa, sai ranar da ƙyauren ya sulluɓo sannan ya san halin da ake ciki. Dalilin wannan ɓoyo shi ne jikin gara yana da laushi, ba ya jure hasken rana da busasshiyar iska. Gidanta na ainihi yana ƙarƙashin ƙasa ko a cikin suri, inda uwar gara take zaune tana zuba ƙwai, kuma a manyan nau'o'in gara uwa ɗaya takan zuba dubban ƙwai a rana. Waɗanda suke hawowa gidajenmu ma'aikata ne masu neman abinci, kuma abincin nasu shi ne katako, kara, takarda, kwali, tabarmar kaba da tufafin auduga.

Alamar da ta fi saurin bayyana ita ce hanyar ƙasa. Tun da gara ba ta tafiya a fili, sai ta gina wa kanta siririn rufi na jar ƙasa, mai kaurin fensir ko ɗan yatsa, wanda yake tasowa daga gindin bango ya nufi inda katako yake. A ginin bulo da aka shafe da siminti ganinsa ba ya wuya, amma a gidajen ƙasa na cikin birnin Kano, irin na unguwannin Yakasai, Mandawari ko Koki, launin hanyar yakan saje da na bangon, don haka sai an haska tocila daga gefe kafin a gan ta. Wuraren da ya kamata a fi dubawa su ne bayan gado, bayan kabad, ƙarƙashin akwatunan da aka daɗe ba a ɗaga ba, kusurwar da ake ajiye randa, da ɗakin ajiya da ake jibge buhuna a kan daɓe. Idan kun ga irin wannan hanya, ku karya ɗan yanki daga tsakiyarta, ku bar ta kwana biyu ko uku. In kun dawo kun tarar an toshe wurin da sabuwar ƙasa mai danshi, to garar tana nan tana aiki. In ba a toshe ba, mai yiwuwa tsohuwar hanya ce da ta bari, ko da yake wannan ba ya tabbatar da cewa ta fita daga gidan.

Kunne ma yana da nasa aikin. Ku ƙwanƙwasa katakon ƙofa da na taga da ƙotar sukudireba: lafiyayyen katako yana ba da ƙara mai nauyi, wanda aka cinye kuwa yakan yi amo kamar ƙwarya. Idan bakin sukudireban ya nutse da ɗan dannawa kaɗan, kuma aka tarar da ƙasa a cikin ramin, gara ce. Amma idan abin da yake zubowa gari ne mai laushi kamar fulawa, daga ƙananan huji irin na allura, wannan aikin wani ƙwaro ne daban mai huda katako, kuma maganinsa daban ne.

A Kano, farkon damina, wato wajen watan Mayu zuwa Yuni, shi ne lokacin da garar nan mai fiffike da ake kira shinge take fitowa da dare bayan ruwa, ta taru a jikin fitila. Ganinta a tsakar gida ba abin tsoro ba ne, domin tana iya tasowa daga nesa. Abin lura shi ne a wayi gari a ga tarin fukafukai a cikin ɗakin da ya kwana a rufe, ko a gan ta tana fitowa daga tsagar daɓe. Ana bambanta ta da tururuwa mai fiffike ta hanyar fukafukanta guda 4 da tsawonsu yake ɗaya, da kuma ƙugunta mai kauri, alhali ita tururuwa ƙugunta a tsuke yake.

Rufi ne wurin da ɓarna ta fi haɗari. Magabata sun zaɓi azarar giginya ne saboda taurinta yana gagarar gara, amma katakon da ake ɗora kwano a kansa yanzu ba duka ne yake da wannan ƙarfi ba, musamman farin katako mai araha da ba a shafa masa magani ba. Silin da ya lotsa, ko ƙasa da take zubowa daga gefensa, dalili ne na kiran kafinta ba tare da jinkiri ba. Kada wanda bai saba ba ya hau cikin silin, domin katakon da gara ta ci yana iya karyewa da mutum, ga kuma wayoyin lantarki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kankare hanyar, a watsa fiya-fiya ko kananzir, a ɗauka an gama. Wannan yana kashe 'yan ma'aikatan da suke kusa ne kawai, uwar tana can ƙasa, ga shi kuma an jefa yara da masu asma cikin haɗarin shaƙar guba. Abin da ya dace shi ne a nemi mai aikin feshi wanda ya san sana'arsa, kuma ana iya neman shawarar ma'aikatan duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Wanda yake zaman haya ya sanar da mai gidan tun ranar da ya ga alamar, ya kuma ɗauki hoto da waya.

Mai dubawa na gaskiya ba ya yanke kuɗi daga zaure. Sai ya zagaya gidan ciki da waje, ya duba gindin katanga, ya leƙa silin, ya bi inda indararo yake zubar da ruwa da inda famfo ko kwata take tsiyaya, domin danshi ne yake jawo gara. Kada ku share hanyoyin kafin ya zo, saboda su ne za su nuna masa inda ta fito. Ku tambaye shi sunan maganin da zai yi amfani da shi, ku ga lambar rajistar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwalbar, ku ji tsawon lokacin da iyali za su yi a waje, da yadda za a kare rijiya, abinci da kaji. Ku sa ya rubuta kuɗin aikin, da ranar da zai dawo ya sake dubawa. Kafin ranar aikin, ku kwashe takardun fili, littattafan addini da takardun makarantar yara daga kwali zuwa akwatin ƙarfe, ku ɗora shi a kan bulo, nesa da bango.