Ga mai niyyar zuwa zane a Orvieto

'Yan'uwa masu zane, in Allah Ya kai ku Italiya kada ku ƙare duk kwanakin ziyararku a Rum. Ku hau jirgin ƙasa zuwa Orvieto a yankin Umbria, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Garin a kan dutse yake zaune, kuma daga bakin tasha akwai ƙaramin jirgi da igiya ke ja zuwa sama. Wanda ya yi hayar mota ya ajiye ta a wajen gari, domin tsakiyar tsofaffin garuruwan nan akwai alamar ZTL, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci, kyamara na ɗaukar lambar wanda ya shiga ba izini, tara ta biyo shi.

Kaya kada su yi nauyi: littafin zane, fensir, fentin ruwa, da takalmin da zai jure hawa.

Lokaci shi ne abin lura. Da tsakar rana haske kan wanke launin gini, inuwa ta gajarce, zanen ya fito ba armashi. Fuskar babban cocin garin, wanda aka fara ginawa a 1290, yamma take kallo, don haka ku zauna gabanta bayan la'asar, sa'ad da adon zinariyar ke ɗaukar rana. Kada ku ce sai kun zana kowane ɗan ado. Ku kama siffar ginin da layukan fari da baƙi na gefensa, ya wadatar. Ni dai lungunan bayansa sun fi kwanta mini, ga bango ruwan ƙasa, ga ƙarancin cunkoso.