Yadda Ake Ciyar da Kyanwa da Busasshen Abinci da na Gwangwani Idan Kuɗi Sun Yi Ƙaranci

Mai kyanwa idan aljihu ya yi rauni yakan fara neman sauƙi ne daga farashin da ke jikin buhu, ya ɗauki wanda ya fi araha ya wuce, alhali farashin buhu ba shi yake nuna abin da ciyarwar take ci ba. Abin da ya kamata a lissafa shi ne kuɗin abincin yini guda, kuma ba za a san wannan ba sai an san yawan kalorin (ma'aunin kuzarin da abinci yake bayarwa) da kyanwar take buƙata a rana, da kuma yawan kalorin da ke cikin abincin da ake shirin saye. Da zarar an riƙe waɗannan alƙaluma biyu, haɗa busasshen abinci, wato mai ƙwaya-ƙwaya na buhu, da na gwangwani ba ya wuce lissafin ɗan firamare.

Sai dai kafin lissafi akwai sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa komai matsin hali, wato abincin ya zama cikakke. Kyanwa dabba ce da aka halicce ta kan cin nama, kuma akwai sinadaran da jikinta ba ya iya haɗa su yadda za su wadatar, dole sai ta same su a abinci. Mafi shahara a cikinsu shi ne tawurin, wanda rashinsa yake lalata ido har ya kai ga makanta, yake kuma sa zuciya ta buɗe ta yi rauni. A shekarar 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna alaƙar wannan ciwon zuciya da ƙarancin tawurin a abincin kyanwoyi, daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa, ciwon kuma ya ragu ƙwarai. Haka nan kyanwa ba ta iya samar da bitamin A daga ganye ko karas kamar yadda mutum da kare suke yi. Saboda haka a duba bayan buhu ko gwangwani a nemi inda aka ce abincin cikakke ne ga kyanwa, bisa ma'aunin ƙungiyar AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai, masu tsara ƙa'idojin abincin dabbobi. A Turanci ana rubuta complete a jikin irin wannan, wanda kuwa aka rubuta masa complementary na marmari ne kawai, ba a rayuwa a kansa. Abin mamaki, ƙananan gwangwanaye masu kyan hoto da tsada, masu ɗauke da zallar tsokar kifi ko kaza, da yawansu na marmarin ne, don haka mai ƙaramin ƙarfi bai yi asarar komai ba idan ya bar su a inda ya gan su. Abincin kare kuma, duk da cewa yakan fi araha, ba a yi shi da ma'aunin kyanwa ba, kuma ɗora ta a kansa na tsawon watanni kasada ce da lafiyarta.

Bambancin busasshen abinci da na gwangwani ruwa ne. Busasshe ruwansa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani ko na leda kuwa ruwansa yakan kai kashi 75 zuwa 80. Shi ya sa giram 100 na busasshe yake ɗauke da kalori 350 zuwa 400 a mafi yawan lokuta, giram 100 na jiƙaƙƙe, wato na gwangwani ko na leda, kuma yake tsayawa tsakanin 70 da 100. Wanda ya sayi gwangwani, kashi uku cikin huɗu na nauyin da ya biya wa kuɗi ruwa ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa busasshe ya zama ginshiƙin ciyarwa ga mai neman sauƙi. Amma ruwan nan yana da amfaninsa. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda take samun yawancin ruwanta daga jikin ɓeraye da tsuntsayen da take kamawa, don haka ƙishirwa ba ta saurin tura ta bakin kwano. Wadda take cin busasshe kaɗai takan sha ruwa fiye da mai cin gwangwani, amma ba ta cika cike giɓin ba, fitsarinta kuma ya fi kauri. Kyanwoyi masu yawa suna rayuwa lafiya lau a kan busasshe zalla, wannan gaskiya ce, sai dai a ra'ayina ɗan kason jiƙaƙƙe a kowace rana ya cancanci kuɗinsa, ko da rabin leda ne.

Baligar kyanwa mai nauyin kilo 4, wadda aka yi wa aikin hana haihuwa kuma take zaune a gida, tana buƙatar kalori 200 zuwa 240 a rana. A ɗauki 220 a matsayin misali. Idan buhu mai kilo 2 yana da kalori 380 a kowane giram 100, to a cikinsa akwai kalori 7,600, wato abincin kwana 34 da ɗoriya. Wani buhun mai nauyi iri ɗaya, wanda yake da kalori 320, zai ƙare a kwana 29. A raba farashin kowanne da yawan kwanakinsa, abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin yini, kuma a nan ne ake ganin cewa wani lokacin buhun da ya ɗara tsada shi ne mai sauƙin. Ba kullum ba ne dai, domin akwai abinci mai araha da yake cikakke kuma mai kalori, wanda babu abin da ya rasa sai talla. Idan ba a rubuta kalori a jikin buhun ba, a duba jadawalin da ke nuna giram nawa ake ba kyanwa mai kilo 4 a rana, a raba nauyin buhun da wannan adadi, kwanakin za su fito.

Haɗin kuwa ragi ake yi. Ledar jiƙaƙƙen abinci mai giram 85 takan ɗauki kalori 70 zuwa 80. Idan an ba kyanwar leda guda mai kalori 75, saura 145, wanda yake daidai da giram 38 na busasshen da muka yi misali da shi. Idan rabin leda ake iya saye, sai busasshen ya koma wajen giram 48. Idan babu jiƙaƙƙe sam, giram 58 ne, idan kuma jiƙaƙƙen ne zalla, sai an buɗe leda kusan uku kowace rana. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar busasshen yadda yake, sannan a ɗora leda a kai, sai kuɗi su ƙaru, kyanwa kuma ta yi ƙiba. Jadawalin kamfani ma yakan yi yalwa ga kyanwar da ba ta fita, saboda haka wurin farawa ne kawai.

Ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram shi ne kayan aikin da ya fi komai rage kashe kuɗi a wannan sha'ani. Awo da kofi ko da ido yana yaudara, domin ƙwayoyin abincin sun bambanta a girma da nauyi, hannun mai ƙauna kuma a kullum yana karkata ne wajen ƙari. Giram 10 da ya hau a kowace rana ba ya cika cokali biyu, amma a wata ya zama giram 300, wato abincin sama da kwana biyar. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna rabon yini da safe a zuba a ɗan kwalba mai murfi, duk wanda kyanwar ta yi wa kuka a gidan ya ɗebo daga ciki, idan ya ƙare ya ƙare. A raba shi kashi biyu ko uku ko fiye, tunda ɗabi'arta ce cin kaɗan-kaɗan sau da yawa, a kuma ajiye jiƙaƙƙen don lokacin da ake nan ana gani.

Wajen sayen jiƙaƙƙe, babban gwangwani mai giram 400 ya kan fi ƙananan leda sauƙi idan aka lissafa da giram, matsalarsa kawai ita ce kyanwa ɗaya ba ta cinye shi kafin ya lalace. Da zarar an buɗe, a juye shi a mazubi mai murfi a sa a firiji, a kuma yi amfani da shi cikin kwana biyu zuwa uku. Abin da ya wuce haka a cusa shi a farantin yin ƙanƙara mai gida-gida a sa a firiza, kowane dare a ciro na gobe a bar shi ya narke a firiji. Abinci mai sanyi ba ya ƙamshi, kyanwa kuma da hanci take fara ci, don haka a zuba masa cokali ɗaya ko biyu na ruwan ɗumi a dama. Wannan yana tayar da ƙamshin, yana kuma ƙara ruwan da ake nema tun farko. Nau'in da aka niƙa ya yi kauri ya fi dacewa da wannan dabara, kuma galibi ya fi nau'in gutsattsari cikin romo yawan kalori. Duk wanda ya taɓa ba kyanwa mai romon ya san yadda take lashe romon tas, ta bar gutsattsarin su bushe a gefen kwano, ta koma tana kallon mutum. Idan shi ne a hannu, a murƙushe shi da cokali mai yatsu ya zama ɗaya. Kada jiƙaƙƙen abinci ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a kwano, musamman lokacin zafi, kuma zuba kaɗan ya fi zubar da saura.

Busasshe ma yana lalacewa, ko da ido bai gani ba. Akwai maiƙon da ake fesa wa ƙwayoyin a masana'anta, kuma iska da zafi suna sa shi ya canza wari, sai kyanwa ta fara sunsunawa tana juya baya, mai ita ya ɗauka ta gaji da abincin ne. Babban buhu ya fi sauƙi a kowane kilo, amma a sayi wanda zai ƙare cikin mako shida ko kusa da haka bayan buɗewa. A bar abincin cikin ledarsa ta asali, a matse iskar, a ɗaure baki, a saka ledar gaba ɗaya cikin bokiti mai murfi a wuri mai sanyi da babu laima. Wanda yake da kyanwa ɗaya zai iya haɗa kuɗi da wani mai kyanwa su raba babban buhu. Abincin da ya yi fumfuna kuwa zubarwa ake yi dukkansa, ba a tsince saman a ba da na ƙasa.

Idan ana son kwatanta yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, kada alƙaluman bayan gwangwani su ruɗi mutum. Gwangwanin da aka rubuta masa furotin kashi 10 da ruwa kashi 78, abin da ya rage bayan cire ruwa kashi 22 ne, kuma 10 cikin 22 ya haura kashi 45. Busasshen da aka rubuta masa kashi 30 da ruwa kashi 10 yana tsayawa a wajen kashi 33. Mafi ƙarancin da AAFCO ta gindaya, bayan cire ruwa, shi ne kashi 26 ga baliga da kashi 30 ga mai tasowa.

Ana iya ƙara ɗan abin da ke kicin, kamar dafaffiyar tsokar kaza ko dafaffen ƙwai, ba gishiri ba yaji, muddin bai wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini ba, domin zallar tsoka ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanyu ne ko dafaffu ko na gari, saboda haka ragowar miya da romon mutane ba nata ba ne. Madarar shanu takan sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, hanta idan ta yi yawa bitamin A yana taruwa ya lalata ƙasusuwa, wasu nau'o'in ɗanyen kifi suna karya bitamin B1, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya soki hanji.

Mai bin rangwame zai riƙa sauya abinci, kuma sauyin gaggawa yana kawo amai da zawo. A yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, a fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, a riƙa ƙarawa. Idan ta ƙi ci, kada a ce yunwa za ta koya mata hankali. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yana iya taruwa a hantarta, ciwon kuma yana kisa. Wadda ta wuce awa 24 ba ta taɓa komai ba a mayar mata da tsohon abincinta, idan shi ma ta ƙi a kai ta wurin likitan dabbobi.

Idan kyanwoyin suna da yawa kuma gwangwanin ba zai ishe su duka ba, ba sai an raba daidai ba. A fifita muzurun da ya taɓa samun matsalar fitsari, da tsohuwar da ƙodarta ta fara rauni ko haƙoranta suke ciwo, da mai ƙiba da ake son ta ƙoshi da kalori kaɗan. Muzurun da yake tsugunawa yana nishi fitsari ba ya fita yana cikin haɗarin mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya da shi asibiti nan take. 'Ya'yan kyanwa har su kai wajen shekara guda, da mai ciki, da mai shayarwa, abincin masu tasowa suke buƙata, kuma a kansu ba a yin tsimi. Wadda likita ya ɗora kan abinci na musamman kuma kada a sauya mata sai da saninsa. A ciyar da kowace a kwanonta, a ajiye ruwa mai tsabta a wuri biyu ko uku nesa da abinci da wurin bahaya.

Duk alƙaluman nan ƙiyasi ne, jikin kyanwar ne zai nuna ko sun yi daidai. Sau ɗaya a wata a rungume ta a hau sikeli, a sauke ta a sake hawa, a cire na biyu daga na farko a rubuta. A shafa gefenta: ya kamata a ji haƙarƙari ƙarƙashin ɗan siririn kitse ba tare da an danna ba, idan kuma aka dube ta daga sama a ga ƙugu ya ɗan shiga. Idan nauyi yana hawa, a rage kashi 10 cikin 100 na busasshen a jira mako biyu zuwa uku kafin a sake taɓawa, kuma kada ramar mai ƙiba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta a mako. Idan kuwa tana ramewa alhali ba a rage mata komai ba, ko ta fara shan ruwa fiye da yadda ta saba, a bar gyaran awo a kai ta likita ya duba ta.