Yadda Mai Sana'ar Ƙuli-ƙuli Za Ta Tafiyar Da Ɗan Jarinta

Masana tattalin arziki suna fara karatunsu ne da batun ƙaranci, wato yawan buƙatu alhali abin biyansu ƙayyadadde ne, kuma duk macen da ke matsar man gyada a tsakar gidanta da wannan matsalar take kwana take tashi.

Kafin ki auno gyada, ki zauna ki lissafa duk abin da aikin zai ci. An saba kasa su gida 4: albarkatun ƙasa, kamar gyadar kanta da itace da ruwa, ƙwadago, wato ƙarfinki da na masu taya ki murje ɓawo, jari, irin su kasko da turmi da kuɗin juyawa, sai kuma dabarar mai haɗa su wuri guda har haja ta fito. A ganina ƙwadago aka fi zalunta a lissafi, domin mace za ta wuni a bakin murhu tana juya gyada hayaƙi na cin idonta, ta ɗauki markaɗe daga inji a ka, ta yi ta tuƙi tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, sannan ta cire kuɗin gyada kawai ta kira ragowar riba. Ki yanka wa wuninki farashi gwargwadon abin da za a biya ki da aikatau kika yi wa wata.

Daga nan ki gano abin da ke fara yanke miki, domin shi ne ke ƙayyade yawan abin da za ki iya sarrafawa. Idan masu saye ne suka yi kaɗan, ƙarin tiya ba zai amfane ki ba. Idan kuwa kuɗi ne, ki tuna cewa gyada tana araha da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, ta kuma yi tsada gab da damina lokacin da manoma ke neman iri. Sayen buhu a ajiye dabara ce, amma kuɗin da kika kulle a buhu ba zai sayi itace ko ya biya mai inji ba, kuma gyadar da danshi ya taɓa takan yi funfuna mai illa ga hanta. Ki ɗora buhun a kan katako, nesa da bango.

Gyada guda haja biyu take ba ki, mai da tunkuza, saboda haka ki riƙa lissafa su dabam. Ƙulin da aka saya don kwaɗon zogale ya isa bakin mai ci, wanda mai tsire ya saya ya daka kuwa kayan aiki ne a tasa sana'ar, shi ya sa yakan ɗauka da yawa ya nemi ragi. Kafin ki yi masa ragin, ki gwada tiya 1 ki ga kwalba nawa ta mai ta bayar da ƙuli nawa, ki rubuta, ki sake gwadawa duk lokacin da kika canza wurin sayen gyada, domin wata ta fi wata mai.