Yadda za ka karanta jadawalin jami'o'in duniya kafin ka zaɓi makaranta

Kafin ka duba wadda ta zo ta ɗaya, buɗe shafin da masu jadawalin suka bayyana ma'aunansu. Kowane jadawali da abin da yake aunawa, shi ya sa jami'a ɗaya kan yi fice a nan, can kuma a same ta a baya.

Jadawalin Shanghai, wanda aka fara a 2003, bincike kawai ya sani. Kashi 30 cikin ɗari na makinsa ya rataya ne a kan lambobin yabo na Nobel da Fields (ta masana lissafi): 10 na tsofaffin ɗalibai, 20 na malamai. Wani kashi 20 kuma na maƙalolin da suka fito a mujallun Nature da Science ne. Babu inda yake tambayar yadda ake koyarwa a aji. Mai neman digirin digirgir a kimiyya zai ƙaru da shi, amma mai neman digiri na farko kaɗan zai tsinta a ciki.

A jadawalin QS, na wani kamfanin Birtaniya, kuwa ra'ayi ne ya fi rinjaye: kashi 30 daga jin ra'ayin malaman jami'o'i, 15 daga masu ɗaukar ma'aikata. Matsalar ita ce mutum sunan da ya saba ji yake ambata, don haka tsohuwar jami'a takan ci moriyar sunanta ko da wani sashenta ya ja baya. Ƙidayar ambaton maƙaloli kuma daga rumbun Scopus ake ɗauko ta, inda Turanci ya mamaye. Masanin da ke rubutu da harshensa, ko mai wallafa littafi maimakon maƙala, ba ya samun kasonsa.

Daga nan sai ka bar babban jadawalin ka koma na fanninka, domin a sashe guda za ka yi karatu. Dubi makin kansa, kada ka tsaya ga matsayi: tsakanin ta 80 da ta 95 sau da yawa ratar ba ta taka kara ta karya ba. Mujallar Times Higher Education, mai nata jadawalin, ita ma da ta wuce ta 200 rukuni-rukuni take jerawa, kamar 201 zuwa 250. Sannan ka bi sawun jami'ar na shekara biyar. In ka ga ta yi tsalle ko ta rufto a shekara ɗaya, bincika ko ma'auni aka sauya, kamar yadda QS ta ƙara sababbi uku a 2023, kowanne kashi 5.

Rashin suna a jadawali ba shaidar rashin inganci ba ne. Times tana buƙatar maƙala 1,000 cikin shekara biyar, abin da ke fitar da ƙananan makarantun da suka ƙware a koyarwa. Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan da kanta ta janye a 2023. Kuma alƙaluma da yawa jami'o'in ne ke miƙa su da hannunsu. A 2022 wani farfesan lissafi na Jami'ar Columbia ya nuna kurakurai a bayanan da jami'arsa ta bayar, sai mujallar U.S. News ta sauko da ita daga ta 2 zuwa ta 18 a jadawalinta na jami'o'in Amurka.

Duk da haka matsayi yana da ranarsa. Bizar aiki ta High Potential Individual ta Birtaniya ta waɗanda suka gama jami'o'in da ke sahun gaba ce a aƙalla biyu daga cikin jadawalan Shanghai, QS da Times. Wasu masu ba da tallafin karatu ma suna gindaya sharaɗi irin wannan, don haka karanta ƙa'idarsu tun da wuri.

Yi amfani da jadawali ka tankaɗe jami'o'i zuwa biyar ko shida. Sauran aikin naka ne: tabbatar hukumar da ke kula da sana'arka ta amince da kwas ɗin, nemi sunan malamin da zai duba bincikenka ka karanta abin da ya wallafa kwanan nan, lissafa kuɗin makaranta da na zama, sannan ka tambayi ɗaliban da ke sashen yanzu mutum nawa ne a aji, kuma nawa ke gamawa a kan lokaci.