Yadda Ake Amfani da Aflasafe Don Kare Masara da Gyaɗa Daga Guba

Akwai wata fumfuna da ke rayuwa a cikin ƙasar gona, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, kuma ita ce ke haifar da gubar aflatokzin a cikin masara da gyaɗa. Gubar ba ta da launi ko ɗanɗano, dafuwa da suya ba sa kashe ta, tana lalata hanta, tana kuma tauye girman yara. A shekarar 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe daga ita wannan fumfunar, domin a cikin danginta akwai irin da ba ya yin guba. An zaɓo iri huɗu daga ƙasar Najeriya, an shafa su a jikin ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsiro, sannan aka rina ta shuɗiya domin kada wani ya ɗauke ta a matsayin abinci. Idan marasa gubar suka riga mamaye gona, masu gubar sai su rasa wurin zama.

Lokacin zubawa shi ne abin da ya fi muhimmanci, kuma a nan ne ya kamata manomi ya fi sa ido. Ana zuba shi mako 2 zuwa 3 kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, domin fumfunar tana bukatar kwanaki ta tsiro a jikin dawar, ta watsu, kafin amfanin gona ya fara ƙulla 'ya'ya. Kafin ranar, manomi ya kammala maimai, ya sa takinsa, ya yi huɗa, saboda bayan an zuba ba a son fartanya ta sake shiga gonar ta binne ƙwayoyin. A bari sai ƙasa tana da laima, bayan an yi ruwa ko ana sa ran sa, tun da a busasshiyar ƙasa ba abin da zai tsiro.

Ma'auni kuwa kilo 10 ne a hekta ɗaya, wato kilo 4 a eka. Ana watsa shi da hannu a saman ƙasa, daidai wa daida, har gefen gona. Bayan kwanaki kaɗan a duba: idan an ga wani kore-kore ya lulluɓe ƙwayoyin dawar, aikin ya kama.

Duk da haka, a ganina kuskure ne a ɗauka cewa shi ke nan an gama. Wajibi ne a girbe amfani da wuri, a shanya shi a kan tamfol maimakon tsirarar ƙasa, a tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi a ƙone su maimakon a ba kaji, sannan a jera buhuna a kan katako a ɗakin da iska ke ratsawa.